Farfaɗiya da Hoton Ƙwaƙwalwa

Jama'a, ku sani farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarta ta kumfar bakin mai ita, ba kuma ta taɓa jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 50 ne ke fama da ita, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace.

To, yaya likita zai gane tushenta? Awo iri biyu ne. Na farko EEG, wanda ake liƙa wayoyi a fatar kai don a ga yadda lantarkin ƙwaƙwalwa ke gudana. Na biyu MRI, na'ura ce mai maganaɗisu mai ƙarfin gaske, tana ɗauko hoton cikin kai ba tare da an tsaga ba. Cikin hoton nan ake ganin ƙari, ko tabon tsohon rauni, ko inda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa. A ƙasarmu sau da yawa tabon nan gadon sanƙarau ne, irin wanda ya yi ɓarna a Arewa a 1996, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko doguwar naƙuda, ko haɗarin babur babu hular kwano. Wanda farfaɗiya ta fara kamawa bayan ya girma, shi ya fi kowa bukatar hoton nan, domin in ƙari ne, aikin tiyata ake magana, ƙwaya kaɗai ba za ta wadatar ba.

Ranar awon MRI a cire 'yan kunne, agogo, tsabar kuɗi, har tozalin ido. Wanda aka taɓa dasa wa ƙarfe ko na'urar bugun zuciya ya faɗa tun a bakin ƙofa. Na'urar MRI tana da ƙara, kuma sai an kwanta shiru kamar rabin awa ko fiye. Ƙananan yara akan ba su maganin barci.

Wata sa'a hoton yakan fito tas. Nan ne wasu ke cewa, ka gani, ai iska ce, su watsar da magani. Wannan kuskure ne babba. Masu farfaɗiya da dama hotonsu ba ya nuna komai, kuma su ma ƙwayar tana yi musu aiki. Shi ya sa likita ke tambayar wanda ya ga faɗuwar da idonsa: ta wane ɓari jijjigar ta fara, kuma minti nawa ta yi.