Darasi: Yadda Ake Lissafin Ranar Sallah

Manoman Gozaki da kewaye, ranar Sallah ba ta tsayawa wuri guda a kalandar Bature. Ga dalili. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355. Ta Bature kuwa kwana 365 ce. Saboda haka kowace shekara Sallah takan matso da kamar kwana 11.

Ɗauki littafinka, ka ja layi, ka rubuta:

Ƙaramar Sallah
2023: 21 ga Afrilu
2024: 10 ga Afrilu
2025: 30 ga Maris

Ka ga ke nan, ɗebe 11 ake yi daga ranar bara. Babbar Sallah kuma takan biyo bayan wata biyu da kwana tara ko goma.

Mai kiwon ragon layya, wannan lissafi naka ne. In ka makara wajen ɗaure rago, Sallah ta zo bai yi ƙiba ba, sai ka sayar da araha a kasuwa.

Amma lissafi kintace ne kawai. Sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa daga Sakkwato.

Aiki: Lissafa ranar Ƙaramar Sallah ta 2026. Nuna wa malaminku amsar.