Amsoshin Tambayoyinku: Darasin Motsa Jiki a Ajin da Ya Cika Maƙil

Wani mai sauraro daga Daura ya nemi sanin yadda malamin firamare zai tafiyar da darasin motsa jiki idan ɗalibai sun yi masa yawa.

To, manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35, amma tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare kyauta, azuzuwa da dama a ƙananan hukumomin masarautar Daura, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, sun zarce wannan adadi. Wata dabara da masana ke yabawa ita ce ta tashoshi, ma'ana a raba fili kashi huɗu ko biyar, a kasa ɗaliban rukuni-rukuni, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran, suna sauya wuri da busar usur, domin kada wani ya daɗe a layi yana jira. Wasanni irin su langa da tsallen igiya da gudun ba-ni-in-ba-ka ba sa buƙatar kaya masu tsada, kuma ya kamata a sanya darasin da safe, musamman a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke tsananta.