Darasi na 14: Ƙananan Lu'ulu'u da Kayan Ado

Kalmar lu'ulu'u aro ce daga Larabci, kamar yadda kalmar murjani take. Hausawa kan kira kowane dutse mai daraja da walƙiya lu'ulu'u, har da daiman. Amma a wannan darasi ana nufin lu'ulu'un da ake samu a cikin ruwa, musamman ƙananansa, waɗanda faɗinsu bai wuce milimita 2 ba. Irin wannan bai fi ƙwayar gero ba, wani ma kamar ƙwayar acca yake. Ɗaya tak ba shi da wani kuɗi. Sai an tara ɗaruruwa, an huda, an jera, sannan ya zama abin ado. Da yayyafi kogi kan cika.

Asalinsa

Ba a haƙo lu'ulu'u daga ƙasa. Wata halittar ruwa ce mai ɓawo biyu, wadda ake kira kawa, take yin sa a cikin jikinta. Idan wani abu ya shige ta ya dame ta, sai ta riƙa lulluɓe shi da irin sinadarin da ke sa cikin ɓawonta sheƙi, shafi bisa shafi, har ya zama ƙwallo.

Shekaru aru-aru, mafi shaharar wuraren samun sa su ne tekun Fasha, musamman gaɓar Baharain, da mashigin ruwan Mannar da ke tsakanin Indiya da Siri Lanka. A tekun Fasha akan fita ne da zafi, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba. Mai nutso yakan matse hancinsa da ɗan matsi, ya taka dutse mai igiya domin ya kai ƙasa da sauri, ya tsinci kawa a kwando, sannan abokin aikinsa ya jawo shi sama. Sana'a ce mai haɗari, kuma yawancin masu yin ta cikin bashi suke rayuwa. Kawa da yawa ba a samun kome a cikinsu. Waɗanda aka samu kuwa, galibinsu ƙanana ne.

Tacewa da hudawa

Fatake sukan rairaye lu'ulu'u da jerin rariyoyin tagulla, kowace da girman ƙofofinta. Manya akan yi musu kuɗi ɗaya-ɗaya, ƙanana kuwa a kan awo ake sayar da su. Waɗanda suka cika ƙanƙanta har ba su huduwa, akan niƙa su a sa a magani a Indiya da Sin. Sauran akan kai su birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai, inda gwanaye suke huda su da hannu da wani siririn tsinke, su zura su a zare, a ɗaure dami-dami a aika Turai.

A Turai, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar ƙarni na 19, an yi yayin wani irin ado. Akan yanka ɓawon kawa mai sheƙi da siffar fure ko ganye, a yi masa ƙananan ƙofofi, sannan a ɗinke lu'ulu'u a kansa ɗaya bayan ɗaya har ya rufe. Da gashin wutsiyar farin doki ake ɗinkin, domin siriri ne, yana da ƙarfi, kuma ba ya nunawa. Da haka ake yin abin wuya da 'yan kunne da abin hannu, a haɗa su a akwati guda a ba amarya, kusan yadda Hausawa suke sa sarƙa da 'yan kunne a cikin lefe.

Faris da cinikin lu'ulu'u

A farkon ƙarni na 20 birnin Faris ya zama babbar kasuwar lu'ulu'u ta Turai, dillalai suka cika titin La Fayette. Léonard Rosenthal da 'yan'uwansa suka riƙa sayowa kai tsaye daga Baharain. A 1912 Jacques Cartier, na gidan kayan adon Cartier, ya je can da kansa ya gana da fatake.

Wannan ciniki bai daɗe ba. Tun a 1893 wani mutumin Japan, Kokichi Mikimoto, ya yi nasarar sa kawa ta yi lu'ulu'u ta hanyar cusa mata wani abu da gangan. Zuwa shekarun 1920 lu'ulu'un kiwo ya shiga kasuwannin Turai da araha. Sai kuma tattalin arzikin duniya ya karye a 1929. Masu nutso suka rasa abin yi, har aka sami man fetur a Baharain a 1932, da yawansu suka koma aikin mai. A 2012 hukumar UNESCO ta sa wuraren wannan sana'a na tsibirin Muharraƙ cikin kayan tarihin duniya.

Na gilashi

Da yake ba kowa ke iya sayen na ainihi ba, tun da wuri aka nemi madadinsa. A ƙarni na 17 wani mai yin carbi a Faris, mai suna Jacquin, ya gano cewa ɓamɓarokin wani ƙaramin kifin kogi yana ba da ruwa mai sheƙi. Sai ya riƙa shafa shi a cikin ƙwallon gilashi mai rami, ya cika da kakin zuma. Mai saye yakan gane bambanci idan ya goga a haƙori: na ainihi yana da ɗan kaushi, na gilashi sumul yake.

Akwai kuma ƙananan duwatsun ado na gilashi masu launi-launi. Akan narka gilashi, a ja shi ya zama doguwar siririyar bututu, a yanyanka, sannan a juya gutsattsarin cikin zafi har bakinsu ya daina kaifi. Birnin Benis na Italiya ne ya fi shahara da wannan aiki, amma a ƙarni na 20 an yi shi a gabashin birnin Liyon, a masana'antar Salvadori da ke Vaulx-en-Velin, kusa da garin Bron. Masana'antar Bapterosses ta garin Briare kuwa, wadda ta yi nata irin duwatsun ta hanyar matsawa a mazubi, ta aika da su Afirka da yawan gaske.

A ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa tana nesa da teku, saboda haka duwatsun gilashi da murjani da tsakiya ne suka fi yawa a wuyan mata. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa duwatsun ado cikin kayan da ayari ke kawowa daga Tarabulus. Makwabta ma suna yin nasu: mutanen Masaga na birnin Bida sun shahara da ƙarau da duwatsun gilashi. Har yau a Kasuwar Kurmi ana sayar da su a zare, mata su saya su sake jerawa yadda suke so. Ko a Bombay, ko a Faris, ko a Kano, mai hudawa da mai jerawa su ne suke mayar da ƙwaya abin ado.

Muhimman kalmomi

kawa: halittar ruwa mai ɓawo biyu
nutso: shiga ƙarƙashin ruwa
rariya: abin tacewa mai ƙananan ƙofofi
yayi: abin da mutane suke so a wani zamani
ɓamɓaroki: abin da ke rufe fatar kifi
ƙarau: abin hannu na gilashi

Nahawu

A lura da yadda ake amfani da "a" idan ba a ambaci mai aiki ba: akan huda (sabau), ana sayarwa (lokaci mai ci), an tara (shuɗaɗɗe). A nemo misalai biyar a cikin darasin.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake sayar da ƙananan lu'ulu'u a kan awo?
2. Don me aka zaɓi gashin farin doki wajen ɗinki?
3. Waɗanne abubuwa ne suka karya cinikin lu'ulu'un Baharain?
4. Yaya ake gane na ainihi da na gilashi?
5. A bayyana ma'anar karin maganar da ke sakin layi na farko.

Aikin gida

A rubuta sakin layi biyu a kan kayan adon da ake ba amarya a ƙasarku, a kwatanta su da lefen Hausawa.