Kalma Ɗaya Mai Kaya Da Yawa

A ƙasar Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗejiya, da ruwan shuka ya sauka sai kowa ya nufi gona. Bayan 'yan kwanaki gero ya tsiro, kafin kaka kuwa ya fi mutum tsawo. Bahaushe yana da kalma ga kowane irin girma. Iri ya tsiro, kabewa ta yi yaɗo, itacen da aka sare ya yi toho, ɗan akuya ya girma. Amma Bature kalma ɗaya yake ɗora wa wannan kaya duka, ita ce "grow".

In aka ce "Millet grows in Kafin Hausa", ana nufin gero yana yi a Kafin Hausa. In kuwa aka ce "Farmers grow millet", to, magana ta juya, manoma ne ke noman gero. A jimla ta fari gero ne ke girma da kansa, a ta biyu mutum ne ke shuka shi yana yi masa noma. Sai dai wannan ma'ana ta biyu ba ta shiga turken awaki. Mai kiwo "keep" ko "rear" yake yi.

Wurin da yara suka fi tuntuɓe shi ne abin da ya wuce. Sun saba da liƙa "ed" a ƙarshen aikatau, sai su rubuta "growed". Babu wannan a Turancin makaranta. Abin da ya faru bara "grew" ne, bayan "has" ko "have" kuwa "grown". Haka 'yan uwanta "know" da "throw" suke tafiya.

Gari ma yana girma. A 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, Dutse ya zama babban birninta, ya cika ya batse. Sai a ce "Dutse grew". A 2013 aka kafa jami'a a Kafin Hausa, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido. Tun da garin bai daina faɗi ba, sai a ce "Kafin Hausa has grown".

"Grow up" kuwa ta yaro ce, ranar da ya kawo ƙarfi ya zama mutum. Gero, ko ya kai rufin rumbu, ba a ce masa haka.