Amsar Tambaya: Kacici-kacicin Sunayen Tsofaffin Finafinai

Tambaya: Muna son yin gasar canko sunayen tsofaffin finafinai a taron zumuncin gidanmu da sallah. Yaya zan tsara tambayoyin? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, wannan zumunci ne mai kyau. Shawarata ita ce ki ɗaure tambayar a jikin sunan fim ɗin, ki bar labarinsa. Da kin ce "'yan fashi da Gabbar Singh", kowa ya san Sholay ne na 1975, wasa ya ƙare. Amma ki ce, "Da Indiyanci ni garwashin wuta ne," sai ki ga iyaye maza sun yi tsit suna sosa ƙeya.

Namu na gida sun fi daɗin sarrafawa. Gwada wannan: "Mata na daka a cikina, uwata kuma ita ke haifar nunu." Turmin Danya ke nan, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990. Wanda ya tashi a karkara zai riga ɗan birni, domin ya san itacen. Ko kuma: "Babban malami ne, takwaran halifa na biyu." Shaihu Umar, fim ɗin Adamu Halilu na 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa.

In an cije, ki faɗi shekarar fim ɗin kafin a ba ki gari. Ki kuma haɗa kowace kaka da jikanta a rukuni ɗaya, don kada yara su zama 'yan kallo.