Ɗanka ya yi aure yana gidanka: ina batun rangwamen haraji?

A Azare da ƙauyukan Katagum, uba kan yi wa ɗansa aure ya yanka masa sashe a gida, a ci gaba da cin tukunya ɗaya. Sai ma'aikaci ya duba abin da ake zaftare masa a albashi, ya ce ai wannan ɗawainiya ta isa a sassauta masa. Ga yadda lamarin yake.

1. Ciyar da ɗa mai aure ba ta rage haraji. Ko a tsohuwar doka, naira 2,500 ake yafewa a kan kowane yaro, iyaka huɗu, kuma sai wanda bai yi aure ba, yana ƙasa da shekara 16 ko yana karatu. Sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026 ba ta ware wa 'ya'ya komai ba.

2. Kowa da lissafinsa. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, gare ka da shi, kowa daban. In yana taya ka tsaron shago kana biyan sa, ku rubuta, kada a lissafa kuɗinsa cikin ribarka.

3. Rangwamen da ya rage mai tsoka shi ne na haya: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000. Mazaunin gidan gado ba shi da rabo a nan. Amma in ɗan ya kama haya, a yanki rasit da sunansa ko da kai ka tallafa masa. Iyaye da yawa kan ce a sa sunansu don girma, girman nan kuwa asara yake jawo wa yaron.

4. Kuɗin fansho, na asusun gidaje da na inshorar lafiya duk ana cire su kafin a yanka haraji. Ka duba takardar albashinka.

5. Inshorar lafiyar ma'aikatan tarayya, kamar ta ma'aikatan asibitin tarayya na Azare, tana ɗaukar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da 18. Ango da amaryarsa su yi tasu rajistar.

6. Harajin albashin mazaunin Azare na Hukumar Tara Haraji ta Jihar Bauchi ne. Can za ka kai rasit da bayanin abin da ka samu, kafin 31 ga Maris.