Darasi: Wa ke biyan kuɗin tsaron unguwa? Misalin Tafo

Wasu iyalai daga cikinmu na shirin barin sansani su koma wurin dangi a zangunan Kumasi. Kafin mu tashi, ya kamata mu san inda kuɗin tsaron unguwa ke fitowa da wanda ake kai wa kuka.

Abin da ya faru a Tafo

A watan Fabrairun 2016 rikici ya ɓarke a Old Tafo kan katangar maƙabarta, tsakanin matasan zango da magoya bayan masarautar Tafo. An rasa rai, an lalata dukiya, gwamnati ta sa dokar hana fita da dare. Sojoji da 'yan sanda sun tsayar da faɗan, sannan Asantehene Otumfuo Osei Tutu II da babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, suka sa baki aka yi sulhu. Rigakafi ya fi magani, amma shi ma yana cin kuɗi.

Hanyoyin kuɗi uku

1. Asusun ƙananan hukumomi. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya wajabta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Tun 2018 Old Tafo ke da majalisarta, wato asambili, don haka tana da nata kason.

2. Asusun Raya Zango, wanda doka mai lamba 964 ta 2017 ta kafa. Ya yi ayyukan fitilun titi da gyaran makarantu a zanguna.

3. Hukumar samar wa matasa aiki, YEA, wadda ke ɗaukar samari da 'yan mata su taimaka wa 'yan sanda a unguwanni.

Rabonmu a ciki

Ɗan gudun hijira ba ya jefa ƙuri'a, amma fitilar titi ba ta tambayar katin zaɓe. Kuɗin ba su da yawa, kuma unguwar da ta kai buƙatarta a rubuce ta fi samun kulawa. Idan lungunmu ya yi duhu, mu haɗu da maƙwabta mu rubuta sunan wurin, mu kai wa wakilin unguwa a asambili tare da sarkin zango ko liman. Mu riƙe kwafi.

Kada mu shiga ƙungiyar sintirin da 'yan sanda ba su san da ita ba, kada kuma mu ɗauki doka a hannunmu. Ɓarawon da aka kama, ofishin 'yan sanda ake kai shi. Lambar gaggawa ita ce 191 ko 112. Cin zarafin mata da yara kuwa, sashen DOVVSU ake kai wa.

Don tattaunawa a gida

Wace hanya ce yaranmu ke bi bayan magariba? Wa za mu fara kira idan wani abu ya faru?